Wa Ya Fara Tashi da Jirgin Sama Mai Inji? Tambayoyi da Amsoshi kan Gardamar da Ta Ƙi Kwanciya

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga ɗalibai, da masu koyon tuƙin jirgi, da masu sha'awar tarihin ƙere-ƙere. Mun fara da masu sauƙi, muka gangara zuwa masu zurfi. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta dogara da wata mun nuna lambar da za a duba.

1. A taƙaice, wa ya fara?

Mafi yawan masana tarihin jiragen sama sun tsaya a kan wasu Amurkawa biyu, wa da ƙane, Wilbur Wright da Orville Wright, masu shagon ƙera kekuna da gyaransu a garin Dayton na jihar Ohio. Ranar 17 ga Disamba 1903 suka tashi har sau huɗu a wani fili mai rairayi da ake kira Kill Devil Hills, kusa da ƙauyen Kitty Hawk a jihar North Carolina. Mu ma nan muka tsaya, dalilanmu kuma suna cikin amsoshi na 6, 7 da 18.

Sai dai ba kowa ya yarda ba. A Birazil yaro yana tashi ne da sanin cewa Alberto Santos-Dumont shi ne uban jirgin sama. Faransawa suna da Clément Ader, jihar Connecticut tana da Gustave Whitehead, mutanen New Zealand suna ambaton Richard Pearse. Wasu daga cikin waɗannan da'awoyi suna da madogara, wasu ba su da ita, saboda haka bai dace a yi musu kuɗin goro ba.

2. Me ake nufi da "tashi" a wannan magana?

Rabin gardamar a nan take. Kaza ma takan bar ƙasa, ta kaɗa fiffike, ta faɗa bayan danga, amma ba wanda zai ce ta yi abin da shirwa take yi. Abin da masana suke nema shi ne jirgin ya zama ya fi iska nauyi, yana ɗauke da mutum, injinsa ne ke tura shi, kuma ya ci gaba da tafiya a sama da ƙarfin kansa, ba da ragowar gudun da ya kwaso a gangara ba. Dole matuƙi ya iya sarrafa shi, kuma inda ya sauka kada ya zama ya fi inda ya taso zama ƙasa, don kada gangarowa daga tudu ta shiga lissafi. A bayan duk wannan sai hujja: me aka rubuta a lokacin, wa ya gani, an sake yi ko ba a sake ba.

Da zarar an taɓa sharaɗi ɗaya, sunan gwani ya sauya. Wanda ya cire sharaɗin sarrafawa zai iya ba Ader na 1890. Wanda ya ƙara cewa sai jirgi ya tashi a kan tayoyinsa, a gaban alƙalan da aka gayyata, zai ba Santos-Dumont na 1906. Shi ya sa mutum biyu za su yarda da ranaku da alƙaluma iri ɗaya, su kuma kwana suna musu.

3. Ashe mutane ba su hau sama ba tun kafin 1903? Ina labarin Abbas ibn Firnas?

Sun hau. Tun Nuwamba 1783 mutum biyu suka tashi a birnin Paris cikin balan-balan na 'yan gidan Montgolfier, kuma a 1852 Henri Giffard ya ɗaura wa balan-balan injin tururi ya yi tafiyar kusan kilomita 27. Amma balan-balan ya fi iska sauƙi, yana yawo a cikinta ne, ba fiffike ke ɗaga shi ba. Bajamushe Otto Lilienthal kuwa ya yi shawagi kusan sau 2,000 da fukafukai marasa inji kafin faɗuwar da ta yi ajalinsa a Agusta 1896.

Abbas ibn Firnas, malamin Ƙurɗuba a Andalus a ƙarni na 9, an ruwaito ya ɗaura fukafukai ya yi shawagi, ya ji rauni a gadon baya wajen sauka. Cikakken labarin ya iso mana ne ta hannun al-Maƙƙari, wanda ya rayu sama da shekara 700 a bayansa. Yana da matsayinsa a cikin magabata masu gwada tashi, amma babu inji a abin da ya yi, don haka ba ya cikin wannan takara.

4. Me ya faru daki-daki ranar 17 ga Disamba 1903?

Kwana uku kafin nan, ranar 14, sun jefa kwabo Wilbur ya ci, ya hau jirgin daga gangaren tudu. Ya ɗaga hancinsa da yawa, gudu ya mutu, ya faɗo bayan kamar sakan uku da rabi. Su da kansu ba su ƙirga wannan ba. Ranar 17 suka shimfiɗa dogon da jirgin ke gudu a kai kafin ya tashi a fili kwance, cikin sanyi da iska mai gudun kilomita 32 zuwa 43 a awa. Wajen ƙarfe 10:35 na safe Orville ya tashi, ya yi mita 37 cikin sakan 12. Wilbur ya karɓa ya yi kusan mita 53, Orville ya sake yin kusan 61. Da tsakar rana Wilbur ya yi na huɗu: mita 260 cikin sakan 59, ya sauka da ƙarfi har katakon da ke riƙe da fiffiken gaba ya karye.

Suna tsaye suna tattauna gyaran sai guguwa ta kifar da jirgin ta yi ta mirgina shi. Bai ƙara tashi ba. A faɗi gaskiya yadda take: duka tashi huɗun a miƙe aka yi su, babu kwana ko ɗaya, tsayin bai wuce kamar mita uku ba, kuma jirgin yana ta yin sama da ƙasa saboda fiffiken gaba yana amsa hannu fiye da kima. Masu suka suna da gaskiya idan suka ce na farkon, mai sakan 12, gajere ne ƙwarai. Na huɗun ne yake da wuyar kaucewa, domin inji ne kaɗai zai riƙe jirgi kusan minti guda a sararin fili kwance.

5. Yaya jirgin yake, kuma da me aka yi shi?

Fukafukai biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, faɗinsu mita 12.3, na katako da aka lulluɓe da farin yadi. Nauyinsa ba matuƙi kilo 274. Matuƙi yana kwanciya rub da ciki a kan fiffiken ƙasa, ɗan hagu da tsakiya, injin yana ɗan dama. Da yake injin ya fi mutum nauyi, sai suka ƙara wa fiffiken dama tsawon kamar santimita 10 don ya ɗauki bambancin.

Injin makanikensu Charlie Taylor ne ya ƙera shi a shagon kekunan cikin kusan mako shida, bayan kamfanonin mota sun kasa ba su mai sauƙin nauyin da suke so. Silinda huɗu ne, gangar jikinsa ta alminiyom, ƙarfinsa doki 12. Farfela biyu ne a baya suna turawa, sarƙa irin ta keke ce ke juya su, an kuma gicciye sarƙar ɗaya don su riƙa juyawa saɓanin juna, kada su karkatar da jirgin. Sandunan farfelar ne suka fi ba su wahala: sun yi ta tsagewa a Nuwamba, har sai da Orville ya koma Dayton ya ƙero na ƙarfe cikakke mara rami. Babu taya, domin taya nutsewa take a rairayi. Jirgin yana zama ne a kan wani ɗan amalanke da ke gudu bisa dogon katako mai tsawon mita 18.

6. Wace matsala suka warware wadda ta gagari sauran?

Sarrafawa. Yawancin masu gwaji na zamanin sun ɗauka inji mai ƙarfi ne abin nema, kuma jirgi zai zauna daram a iska da kansa, matuƙi ya riƙa juya shi kamar kwalekwale. Masu keke sun san abin hawa yana iya zama mara tsayuwa da kansa amma ya tafi lafiya muddin mahayi yana gyara shi kowane lokaci, kuma sun san ana kwantawa ne a sha kwana. Tun 1899 Wilbur ya gano dabarar murɗa bakin fukafukai: gefe ɗaya ya ƙara cizon iska, ɗayan ya rage, sai jirgin ya kwanta ɓangaren da ake so. A jirgin 1903 matuƙi yana yin haka ne da gusar da ƙugunsa cikin wani ɗan makwanci da aka haɗa da wayoyi.

Ba a rana ɗaya abin ya zauna ba. Jirginsu mara inji na 1901 ya ba su ɗagawa ƙasa da abin da lissafi ya nuna, sai suka haɗa akwatin gwajin iska a shago suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200. A 1902 wata matsala ta fito: idan suka murɗa fiffike don su miƙar da jirgin, gefen da ya ƙara ɗagawa yakan ƙara jan iska, hanci ya juya ta inda ba a so, jirgin ya soka fiffike a rairayi. Maganin shi ne suka mai da jelar baya mai motsi, suka haɗa ta da wayar murɗawar. Daga nan suka mallaki motsi uku: hanci sama ko ƙasa, kwantawa hagu ko dama, da juya hanci. Duk jirgi mai fiffike na yau da waɗannan ukun ake tuƙa shi, sai dai ƙananan marafan bakin fiffike sun maye gurbin murɗawa. Takardar mallakar fasaha da suka nema a Maris 1903, aka ba su ranar 22 ga Mayu 1906, a kan wannan tsari take, ba a kan inji ba.

7. Wace hujja ake da ita cewa sun tashi a 1903?

Mutum biyar sun gani, uku daga cikinsu ma'aikatan tashar ceton jiragen ruwa da ke kusa. Ɗaya daga cikinsu, John T. Daniels, shi ya danna kyamarar da Orville ya kafa, ya ɗauki hoton nan da aka sani, jirgi ya bar dogo Wilbur yana tsaye a gefe. Gilasan hotunan suna ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Akwai littafin da Orville yake rubuta abubuwan kowace rana, akwai wayar tangarahon da ya buga wa mahaifinsu da yammacin ranar, wadda kuskuren isarwa ya mai da sakan 59 zuwa 57. Washegari wata jaridar Norfolk ta buga labarin da ƙarin gishiri mai yawa, har da cewa an yi mil uku, abin da ya sa suka fitar da sanarwar gyara a Janairu 1904.

Masu suka suna cewa ba a buga hoton ba sai 1908, kuma gaskiya ne. Amma hoton ba shi kaɗai yake tsaye ba. Ƙarfin hujjar yana cikin jerin wasiƙu, zane-zane, alƙaluman gwaji da hotuna daga 1899 zuwa 1905, kowane mataki yana kai wa ga na gaba.

8. Me ya sa mutanen Birazil suka dage kan Santos-Dumont?

Domin abin da ya yi, a bainar jama'a ya yi shi. Ɗan attajirin manomin kofi ne da ya zauna a Paris, kuma ya riga ya yi suna tun Oktoba 1901 da ya zagaya hasumiyar Eiffel da balan-balan mai inji. Ranar 23 ga Oktoba 1906, a filin Bagatelle, jirginsa 14-bis ya yi gudu a kan tayoyinsa ya tashi ya yi kusan mita 60, a gaban jama'a da jami'an ƙungiyar masu harkar jiragen sama ta Faransa. Ranar 12 ga Nuwamba ya yi mita 220 cikin sakan 21.5, wannan kuwa shi ne bajinta ta farko da hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ta shigar a kundinta. A lokacin Turawa da yawa sun gaskata cewa tashin ɗan Adam na farko suka gani.

Hujjar Birazil ita ce ya tashi ba dogo, ba na'urar cillawa, ba dogaro da iska, kuma da alƙalai. Ana kuma ƙaunarsa don bai ɓoye fasaharsa ba, ya bar kowa ya kwafi zanen ƙaramin jirginsa Demoiselle kyauta. Ranar 23 ga Oktoba ita ce ranar matuƙa jirgi a ƙasar, an kuma nuna kwafin 14-bis a bikin buɗe wasannin Olamfik na Rio a 2016. A ganinmu darajarsa ta gaskiya ce: shi ya fara tashi a fili a Turai da tabbacin hukuma. Amma 14-bis a miƙe kawai yake tafiya, kuma a ranar da ya yi mita 220 shekara guda ke nan da Wilbur ya yi kilomita 39 (duba amsa ta 18).

9. Ba na'urar cillawa ce ta jefa jirgin Wright sama ba?

A 1903 babu ita. Jirgin ya yi gudu a kan dogo kwance da ƙarfin farfelarsa. Na'urar ta shigo ne a Satumba 1904, bayan sun koma gwaji a Huffman Prairie, wata makiyayar shanu kusa da Dayton, inda fili yake da ƙunci da kunya-kunya, iska kuma ba ta da ƙarfi kuma tana yawan sauya alƙibla. Hasumiyar katako ce mai tsayin kamar mita shida, ana jan nauyi mai ɗaruruwan kilo zuwa samanta, a sake shi, igiya ta bi ta cikin kura ta fizgi jirgin gaba. Kafin a kafa ta, ranar 13 ga Agusta 1904, Wilbur ya yi kusan mita 400 a wannan fili ba tare da ita ba.

Aikin na'urar taƙaita gudun farko ne. Fizgar sakan biyu ko uku ba za ta riƙe jirgi rabin awa a sama ba. Har yau ana cilla jiragen yaƙi daga kan manyan jiragen ruwa, ba a kuma ce ba jirage ba ne.

10. To iskar Kitty Hawk fa? Ba ita ta ɗaga su ba?

Fiffike bai san gudun ƙasa ba, gudun iskar da ke ratsa shi ya sani. Jirgin yana buƙatar iska mai kamar kilomita 48 a awa a kan fukafukansa. Idan iska tana tahowa da 37, sai ya ƙara 11 kawai a ƙasa ya tashi, don haka dogon mita 18 ya ishe shi. Amma da ya bar ƙasa, dole farfela ta ci gaba da tura shi cikin iskar da cikakken gudun nan, in ba haka ba iskar ta kwashe shi baya ya faɗo. Wato iskar gaba tana rage tsawon filin tashi, tana kuma rage nisan da ake aunawa a ƙasa: mita 260 na tashi na huɗu sun kai kusan mita 800 a cikin iska. Matuƙa har gobe suna fuskantar iska ne su tashi.

11. In sun tashi tun 1903, me ya sa duniya ba ta gaskata ba sai 1908?

Wani ɓangaren laifinsu ne. Suna tsoron a sace fasahar kafin su sayar, sai suka hana hotuna fita, kuma daga Oktoba 1905 zuwa Mayu 1908 ba su tashi ko sau ɗaya ba. Sharaɗinsu ga gwamnatocin Amurka, Ingila da Faransa shi ne a sa hannu a kwangila tukuna a ga jirgi, su kuwa gwamnatoci suna cewa a nuna musu tukuna. Manyan jaridu ma sun yi sakaci, har ya zama cikakken bayanin ganau na farko ya fito ne a mujallar masu kiwon zuma, a Janairu 1905, daga alƙalamin Amos Root, wanda ya ga Wilbur ya yi cikakken zagaye ranar 20 ga Satumba 1904.

A Paris an daɗe ana kiransu masu cika baki. Ranar 8 ga Agusta 1908 Wilbur ya tashi a filin sukuwa na Hunaudières kusa da Le Mans, minti ɗaya da sakan 45 kacal, amma ya kwantar da jirgi ya sha kwana yadda ba a taɓa gani a Turai ba. Gani ya kori ji. Ernest Archdeacon, wanda yake cikin manyan masu ƙaryata su, ya fito fili ya janye maganarsa. Ranar ƙarshe ta shekarar Wilbur ya yi awa biyu da minti 20 a sama.

12. Clément Ader ya tashi a 1890?

Ya bar ƙasa, bisa abin da yawancin masana suka karɓa. Ranar 9 ga Oktoba 1890, a Armainvilliers, jirginsa Éole mai fukafukan jemage da injin tururi na doki 20 ya yi kusan mita 50 a tsayin da bai wuce taƙi ɗaya ba, daga fili kwance. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ba shi da ingantacciyar hanyar sarrafawa, kuma ba ya iya ci gaba.

Da'awarsa ta biyu ce ta rushe. Bayan Santos-Dumont ya yi suna, Ader ya ce jirginsa Avion III ya yi mita 300 a Satory ranar 14 ga Oktoba 1897. Rahoton sojan Faransa da suka halarci gwajin, wanda aka saki a 1910, ya nuna iska ce ta ture shi daga kan hanya ya lalace, bai tashi ba.

13. Gustave Whitehead fa, da ake cewa ya riga su da shekara biyu?

Bajamushe ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka, gwanin ƙera inji. Jaridar mako-mako ta Bridgeport Herald ta 18 ga Agusta 1901 ta ce ranar 14 ga watan ya yi tafiyar rabin mil a Fairfield da jirginsa mai lamba 21, har ya kauce wa itatuwa ta hanyar karkata jikinsa. Labarin yana shafi na biyar, da zanen hannu, ba hoto. Cikin shaidu biyu da jaridar ta ambata ban da marubucin, ba a taɓa gano ɗaya ba, ɗayan kuma, James Dickie, ya yi rantsuwa a shekarun 1930 cewa ba ya wurin. Sauran takardun rantsuwar da magoya baya suke kawowa an tattara su ne bayan fiye da shekara 30, kuma suna saɓa wa juna. Whitehead ya kuma ce a Janairu 1902 ya yi mil bakwai a kan teku.

Abin da ya fi nauyi a wajenmu shi ne abin da ya biyo baya. Wanda ya yi mil bakwai a 1902 ya kamata a gan shi yana yin ashirin a 1904. Maimakon haka ya koma gwajin jirage marasa inji, jirage masu inji da ya ƙera daga baya kuma ba su tashi ba. Stanley Beach, wanda ya zuba masa kuɗi shekaru, ya rubuta daga baya cewa bai yarda ya taɓa tashi ba.

14. Amma ai an ce wani babban kundin jiragen sama ya tabbatar da da'awar Whitehead a 2013?

Editan kundin Jane's, Paul Jackson, ya rubuta haka a gabatarwar fitowar shekarar, bisa binciken wani mai suna John Brown, har majalisar Connecticut ta yi doka a Yuni 2013 ta ba Whitehead matsayin na farko. Ginshiƙin binciken wani hoto ne na baje kolin 1906 a New York, wanda a jikin bangonsa ake hango wani ɗan hoto dushi-dushi. An faɗaɗa shi ninki da yawa aka ce jirgin Whitehead ne a sama. Mai bincike Carroll Gray ya nuna ya yi daidai da hoton jirgi mara inji na John Montgomery da aka ɗauka a California a 1905. Kamfanin da ke buga kundin ya bayyana daga baya cewa ra'ayin edita ne, ba matsayinsa ba.

15. Ina Samuel Langley ya shigo?

Shi ne shugaban cibiyar Smithsonian, babbar cibiyar bincike da gidajen tarihi ta Amurka, kuma shi kowa ya zata zai yi nasara. A Mayu 1896 ƙaramin jirginsa mara matuƙi ya yi kusan kilomita ɗaya a kan kogin Potomac, gwamnati ta ba shi dala 50,000 ya yi babba. Injinsa na doki 52 ya ninka na su Wright fiye da sau huɗu. An cilla jirgin daga rufin wani jirgin ruwa ranar 7 ga Oktoba 1903, ya faɗa kogi. An sake ranar 8 ga Disamba, fukafukan baya suka karye, matuƙi Charles Manly ya sha da ƙyar. Kwana tara bayan haka aka tashi a Kitty Hawk.

A 1914 Glenn Curtiss, wanda ya sha kaye a shari'ar mallakar fasaha da kamfanin Wright, ya karɓi ragowar jirgin, ya ƙarfafa fukafukai ya sauya abubuwa da dama, ya yi 'yan tsalle-tsalle da shi a kan tafki. Smithsonian ta liƙa masa takarda cewa shi ne jirgi na farko da yake da ikon tashi da mutum. Haushin wannan ya sa Orville ya aika jirgin 1903 gidan tarihin kimiyya na Landan a 1928. Sai a 1942 cibiyar ta buga jerin sauye-sauye 35 da aka yi, ta janye.

16. Gaskiya ne akwai yarjejeniyar da ta hana Smithsonian yarda da wani?

Akwai. Bayan rasuwar Orville a Janairu 1948, magadansa suka miƙa jirgin a kan dala ɗaya, da sharaɗin cewa idan cibiyar ta ce wani jirgi da ya riga na 1903 yana da ikon tashi da mutum cikin sarrafawa, za su iya karɓe abinsu. Magoya bayan Whitehead ne suka tono takardar a tsakiyar shekarun 1970. Wanda ya karanta amsa ta 15 ya san da Langley ake, ba da Whitehead ba.

Duk da haka sharaɗi irin wannan bai dace da cibiyar bincike ba, kuma ya ba masu zargi abin riƙewa. Amma Smithsonian kaɗai ya ɗaure. Masana na waje, irin su Charles Gibbs-Smith na Ingila, sun bi takardun da kansu sun isa inda aka isa.

17. Sauran sunayen da ake ji fa: Pearse, Jatho, Mozhaysky, Maxim, Vuia?

Richard Pearse manomi ne a Waitohi, ya ƙera injinsa da jirginsa shi kaɗai. Ana yawan ambaton 31 ga Maris 1903, ranar da aka ce ya tashi ya faɗa kan shingen ƙaya. Shi da kansa ya rubuta wa jaridu cewa a 1904 ya fara aikin gadan-gadan, ya kuma bar wa su Wright fifiko. Karl Jatho na Hanover ya yi tsallen mita 18 a Agusta 1903, da kusan 60 a Nuwamba, ba sarrafawa. Jirgin Alexander Mozhaysky na Rasha, wajen 1884, daga gangara aka sako shi. Na Hiram Maxim a Ingila, mai fiye da tan uku, ya ɗaga a Yuli 1894 har ya karya dogon da aka sa don ya tsare shi, amma na'urar gwaji ce da ba a nufi ta rabu da dogon ta tashi ba. Traian Vuia ɗan Romaniya ya yi kusan mita 12 a kan tayoyi a Maris 1906 kusa da Paris.

18. Idan mutum ya ƙi yarda da tashin 1903, wa zai zama na farko?

Su ɗin ne dai. A 1904 sun tashi sau 105 a Huffman Prairie. A 1905 suka sake gina jirgi na uku: suka ƙara girman fiffiken gaba suka nesanta shi da jiki, abin da ya kashe yin sama da ƙasan nan, suka kuma raba jela da wayar murɗawa, kowace da abin riƙonta. Ranar 5 ga Oktoba 1905 Wilbur ya zagaya filin kusan sau 30, kilomita 39 cikin minti 39, bai sauka ba sai da mai ya ƙare. Filin yana bakin hanyar taragon lantarki, manoma da 'yan kasuwar Dayton sun gani, kuma a 1906 mujallar Scientific American, wadda da farko ta yi shakka, ta rubuta wa shaidun ta buga abin da suka amsa. A Turai ba a yi zagayen kilomita ɗaya a gaban alƙalai ba sai da Henri Farman ya yi ranar 13 ga Janairu 1908.

19. Kwafin jiragen da aka ƙera a zamaninmu ba za su raba gardama ba?

Ba sa rabawa. Kwafin jirgin Whitehead sun tashi a Amurka a 1986 da Jamus a 1997, amma da injuna da farfela na zamani, kuma ba cikakken zanen asali da aka bi. Abin da suka nuna shi ne siffar tana iya ɗagawa idan ta sami ƙarfi. A ɗaya gefen, kwafin jirgin Wright da aka yi da matuƙar kula ya kasa tashi a bikin cika shekara 100, ranar 17 ga Disamba 2003, saboda ruwan sama da raunin iska, bayan ya yi gajerun tashi a gwajin makonnin baya. Jirgin 1903 ƙarfinsa daidai wa daida ne, yana buƙatar iska mai sanyi da ƙarfi irin ta ranar farko (duba amsa ta 10).

20. Ina jiragen suke yanzu, ga mai son gani da idonsa?

Jirgin 1903 yana gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a Washington, na 1905 kuma yana Carillon Historical Park a Dayton, inda aka sake haɗa shi da shawarar Orville. Jirgin Langley, wanda aka mayar siffarsa ta 1903, yana reshen gidan tarihin da ke kusa da filin jirgin Dulles. Avion III na Ader yana rataye a Musée des Arts et Métiers a Paris. Wasu sassan injin Pearse suna gidan tarihin sufuri na Auckland. Jirgin 14-bis ya lalace a gwajinsa na ƙarshe a Afrilu 1907, waɗanda ake gani a Birazil da Faransa kwafi ne, haka ma na Whitehead da ke garinsu Leutershausen a Jamus.